Motar Karan da Muka Kai Mararraba

Da sunan Allah, mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga ƙanena Illo, a sansanin masu aikin hanya da ke bayan Baleyara. Daga wanka Ma'azu mai gadajen kara, a Filinge.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina tambayar lafiyarka da ƙarfin jikinka. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko ana ba ku abinci mai ɗumi. Matata Hadiza ta sauka lafiya bayan tafiyarka, an sami namiji, kuma sunanka ya ci.

Na san ba ka karatu, wani ne zai karanta maka wannan takarda. Kai malam mai karantawa, da duk wanda ya miƙo kunne a kusa, na haɗa ku da Allah, abin da ke cikinta ya tsaya a tsakaninku. Wuyan mutum biyu ne a ciki.

Illo, Ɗan Baro mai jakuna ya kawo mini saƙonka ranar kasuwa. Ya ce Nasaran da ke kula da aikin hanya ya ba ka zuwa ƙarshen watan nan ka yi masa wata motar kara, zai aika wa ɗansa a ƙasarsu. Ya ce wata bakwai kana kawo uzuri, yau ka ce karan wurin bai da kyau, gobe ka ce yatsa ya kumbura, har Nasaran ya fara kallonka da wani ido. Ya ce in wata ya mutu babu mota, za a ɗaure ka a gindin itace a gaban kowa, daga nan a tura ka wurin fasa dutse, inda ba mu taɓa ganin wanda ya dawo da ƙafarsa ba. Tun da na ji wannan tuwo bai ƙara yi mini daɗi ba.

Kai da ni mun san ba za ka iya ba. Kai fa ko igiyar akuya ka ɗaure, sai an nemo wuƙa. Allah ya ba ka hannun noma da kokawa, ni ya ba ni na ƙananan abubuwa da ba su cika rumbu.

Ka tuna ranar da babbar motarsu ta fara shigowa gari? Mata suka kwashi yara, awaki suka tsinke, liman ya tsaya daga nesa yana salati. Ni kaɗai na matsa, har na durƙusa ina leƙen ƙarƙashinta kamar mai duba saniyar da zai saya. Wani dogarinsu mai jar hula ya zabga mini bulala a baya, amma kafin nan na riga na ƙirga ƙafafunta, na ga yadda suke juyawa biyu-biyu a kan sanda ɗaya.

Kwana tara na yi ina harhaɗa ta farko. Totuwar karan dawa ce jikinta, ƙayar aduwa ce ƙusa, ƙafafun kuma sakaina na goge a kan dutse har suka yi daidai. Ƙato da ni, mai mata, ga gadaje uku na mutane suna jira, ina tsugune a zaure ina tura kara a ƙasa ina ruri da baki. Kai ne ka fi kowa dariya. Har yau ina jin muryarka: "Yaya, in ta girma ka ɗauke ni mu tahi Yamai."

Kwana huɗu da gama ta, motar gaske ta dawo. Ta kwashi mutum shida zuwa aikin dole.

Ba wanda ya zarge ni a lokacin. Ni ma ban ga haɗin ba. Bayan girbi na yi ta biyu, wadda ta fi ta farko. Na sa mata kuɗin wuri guda biyu a goshi a matsayin fitilu, na rina jikinta da karan dafi, na yi mata ƙofa mai buɗewa da maɗaurin fata. Ba a yi mako ba motar ta sake zuwa, a wannan karon har da ɗan Gwaggo Dije, wanda shi kaɗai gare ta. Da hantsi ta zo ta tsaya a bakin zaurena, ba sallama, ta daɗe tana kallon abin da ke gabana. Ta ce, "Ma'azu, abin ga naka shi ka kiran ta. Ɗiya ta yi kuka, uwa ta taho."

Daga ranar mutane suka daina zama a zaurena. Wanda zai sayi gado sai ya aiko, ya tsaya daga waje. In na bi ta rijiya hira ta mutu. Inna ta kira ni ɗaki ta roƙe ni in bari, na ce na bari.

Ban bari ba, Illo. A bayan rumbu na yi ta uku, kuma ka sani, don kai ka kama ni. Ita ce wadda na yi wa abin da ta gaske ba ta da shi. Na ga yadda rana ke dukan mutanenmu a bayan motar, sai na yi wa tawa rumfa da guntun fata, na rataya mata 'yar salkar ruwa a gefe, na sa benci a ciki. A raina ina gyara musu tafiya ne. Ka dube ta ka dube ni, ba ka yi dariya ba. Ka ce, "Ta yi kyau, Yaya. Allah shi sa ba mu ne za mu zamna ciki ba."

Da labarinta ya fita, dattawa suka taru a ƙofar mai gari. Wasu suka ce a ƙone ta. Wani tsoho ya ce kul, in aka ƙone ɗiyar, uwar ta kama da wuta a hanya, Nasara zai ce mu muka yi mata asiri, ya ƙone garin. Aka ce a binne ta, aka ce ai binnewa ajiya ce, ta zauna ke nan. A ƙarshe aka tsaya a kan yadda ake yi wa cutar da ta addabi gari: a kai ta mararraba, a juya fuskarta waje, a zuba mata gero da nono, a sallame ta da girma. Kuma ba mai ita ne zai kai ta ba, don za ta biyo ƙafarsa ta dawo. Sai wani na jininsa.

Ba wanda ya tilasta ka. Kai ka miƙe ka ce za ka kai.

Ina bisa tudu ina kallonka da safiyar nan, kana riƙe da ita da hannu biyu kamar ƙwaryar da ta cika. Ka kai mararrabar hanyar Damana, ka tsuguna kana juya mata fuska. Kurciya ta daina kuka. Sai na ji wannan rurin daga kudu, tun kafin in ga komai. Ba a sa ran zuwan motar gaske ba sai bayan sallah.

Na ga motar ta tsaya. Na ga Nasaran ya sauko, ya karɓe ta daga hannunka, ya buɗe ƙofar da ɗan yatsa, ya taɓa salkar, ya yi dariya har ya cire hula. Na ga tafinta ya tambaye ka wani abu. Daga baya aka faɗa mini ya tambaya ne wa ya yi wannan, kai kuma ka dafa ƙirjinka ka ce kai ne. Ranar mutum ɗaya tak suka ɗauka, wato kai, kuma garin ya ce sallamar ta karɓu.

Daga tudun zuwa mararraba ba nisa, da na yi kira za a ji ni. Na sha faɗa wa mutane cewa cikin Hadiza da ciwon idon Inna ne suka riƙe ni. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. Tsoro ne, Illo. Ban yi kira ba, na tsaya ina kallo har kuka ɓace a bayan itatuwa. Ina jin kunyar wannan fiye da duk abin da na taɓa yi.

Da Ɗan Baro ya gama ba ni labari, na ce zan bi shi in faɗi gaskiya. Ya ce ka riga ka hana, ka ce in na zo za su riƙe mai hannun, su hukunta mai ƙaryar, Inna ta rasa biyu. Na yarda da maganarka, kuma Allah ya sani na yi saurin yarda.

Don haka ga abin da na yi. A cikin buhun wake na jakin tsakiya cikin jakunan Ɗan Baro akwai ƙwarya biyu a kife da juna, sabuwar motar da na yi maka tana ciki. Ka fitar da ita inda ba ido, ka zauna da ita kwana biyu da guntayen kara a gabanka, a ga kamar kana aiki.

Sai dai akwai abin da ya hana ni sukuni. In ba ta yi kyau ba, zai gane an yaudare shi. In ta yi kyau ƙwarai, zai so wata bayan wata, ya nuna wa abokansa, ba zai taɓa sakin ka ba. Na zauna da niyyar in yi mai dama-dama, wadda za ta tsare maka bayanka daga bulala, ta kuma sa ya gaji da kai ya sallame ka. Wallahi da wannan niyyar na ɗauki wuƙa.

Hannuna ya ƙi, ɗan'uwana. In na yanke ƙafa a karkace sai in ga na gyara ta ban sani ba. Na ce ba zan sa ƙofa ba, sai ga ƙofa biyu. Na san ranka ne a ciki, amma na kasa barin aikin banza ya fita daga hannuna. Ban taɓa yin wadda ta kai ta ba, kuma da na gama na ji daɗi kafin in ji tsoro. Ka ga irin wan da Allah ya ba ka.

Na ɗaga ta sau uku in ɓata ta, na kasa. Saboda haka kai nake roƙo. Kafin ka miƙa masa, ka cire ƙofa ɗaya, ka murɗe sandan ƙafafun baya har ta riƙa ɗingishi, ka goga mata ƙasa. Kada ka tausaya mata, kuma kada ka yi yawa. Ban san iyakar da za ka tsaya ba, ba ni da wanda zan tambaya.

Allah ya rufe idon Nasara daga abin da ya kamata ya rufe. Allah ya sa ya raina aikin, ya raina ka, ya kore ka gida. Allah ya tsare bayanka da ƙafafunka, ya nuna wa Inna kai tun tana iya gane fuska. Ni kuma ka yafe mini in za ka iya, in ba za ka iya ba ka dawo ka faɗa mini da bakinka.

Ɗan Baro zai tashi bayan azahar. Watan saura kwana goma sha ɗaya.

Wassalam.

Wanka,
Ma'azu