Gidan da Kwamfuta Ta Rufe

Salaga, daren Talata

Yau Hajiya Ladi ta zo tun daga Yendi neman asalin kakanta, Madugu Tanko, falken goro. Na ce wa 'yata Rabi ta nuna mata a kwamfuta, inda take rubuta tarihin gidajen Salaga da nake ba ta da ka. Kowane gida da shafinsa, kuma na hana ta rufe ko ɗaya. Muka duba, babu gidan Tanko.

Rabi ta ce, "Baba, yana nan a ajiye fa. Shafuka ne suka yi wa kwamfutar yawa, sai na sa ta riƙa rufe duk wanda ya kwana bakwai ba a taɓa ba." Ta buɗe, ga Tanko da 'ya'yansa. Hajiya har da hawaye.

Na yi ta yi wa Rabi faɗa. Amma yanzu da nake rubuta wannan da ajamina, na ga na zalunci yarinyar nan. Ni kaina na fi shekara ban ambaci Tanko ba.

Daga gobe, bayan asuba, Rabi za ta riƙa buɗe gidajen bi da bi, ina kiran sunayensu da addu'a. Ba wanda zai sake kwana bakwai ban leƙa shi ba.