Kun Koya Mini Aikin da Babu Shi a Jos

Zuwa ga Shugaban makarantar koyon aikin ofis ta wasiƙa da ke Ikko,

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka tare da iyali da ma'aikatanka, da fatan kuna lafiya. Sau uku na rubuto maka ta gidan waya ban ji ko tari ba, shi ya sa na kawo maganar jarida, ko Allah zai sa wani ya karanta maka. Sunana Sule, ina zaune a Unguwar Rogo, cikin Jos. Ina cikin waɗanda suka gama kwas ɗinku na buga bayanin likitoci, wato likita ya yi magana a kaset, akawu ya saurara ya buga a tafireta.

Na farko, yadda na faɗo hannunku. Shekara goma sha ɗaya na yi ina akawu a kamfanin kuza. Da aiki ya ja baya aka sallame mu, lokacin kuma idona ya fara dushewa ta gefe, sai abin da ke gabana sosai nake gani. Ina da mata da 'ya'ya huɗu, na san dole in kama sana'ar da ba ta dogara da ido ba tun kafin idon ya tafi. Hanya biyu ce a gabana. Wani tsohon abokin aikina ya samo mini gurbin koyon haɗa wayar tarho, wato sada mai kira da wanda yake nema, a wata ma'aikata, wata uku a gama. Ga kuma tallarku a jarida. Na je wurin wakilinku na nan Jos, na cire tabarau na nuna masa idon, ban ɓoye komai ba. Ya ce wannan aiki kamar don ni aka yi shi, kunne da yatsu kawai yake so, kuma tunda an ba mu sabuwar jiha asibitoci za su yi ta rububinmu. Laifina ni ma ba zan ɓoye ba: akawun likita ya fi mini daɗin faɗa a majalisa a kan mai haɗa waya. Na ce wa abokina na gode.

Na biyu, karatun. Ba zan yi muku ƙarya ba, kun koyar. Wata goma sha takwas kaset na zuwa, ina bugawa ina mayar muku. Ba ni da injin nan da ake takawa da ƙafa a tsayar da kaset, sai matata Hajara ta zauna gefena da rikoda, in na ɗaga haɓa ta tsayar, in na sunkuyar ta kunna. Ba ta jin Turanci, amma sai da ta haddace sunayen magunguna tana rera su wajen wanke-wanke. Maƙwabta suka riƙa tsokanata wai na ɓoye Bature a ɗaki ban fito da shi an gaisa ba. Na ci jarrabawarku, kuka aiko mini da takardar shaida mai jan hatimi.

Na uku, neman aikin, kuma nan ne bakin cikina. Asibiti huɗu na shiga, na gwamnati da na mishan da masu zaman kansu biyu. Ko'ina magana ɗaya ce: likitocinmu ba sa magana a kaset. Likitan da layi ya kai masa har bakin ƙofa, da biro yake rubutu a katin mara lafiya, a tsaye ma wani lokaci. Abin da suke nema shi ne akawun da zai karanta hannun likita ya buga. A asibiti na ƙarshe babban akawu ya tausaya mini, ya ba ni fayil ɗaya in gwada. Na kai takardar har kan hancina, na juya ta wajen taga, ban fitar da layi ɗaya ba. Mutumin bai yi mini dariya ba, ya dai karɓi fayil ɗinsa a hankali ya raka ni bakin ƙofa. Da dariyar ya yi da ta fi mini sauƙi. Na koma wurin abokina, gurbin waya an daɗe da ba wa wani. Na nemi wakilinku, ya ce shi nasa cika fom ne.

Ranka ya daɗe, da wani a ofishinku ya yi wa asibiti ɗaya a Jos tambaya ɗaya, da ya san haka. Ba kuɗina nake kuka ba. Wata goma sha takwas ɗin nan su ne ragowar ganina, a kan littattafanku na ƙarar da su.

Na huɗu. Makon jiya na je a duba mini ido. Likita ya haska, ya dafa kafaɗata, ya ce in ci gaba da ɗiga magani, a bar wa Allah. Sannan ya juya ya faɗa wa nas kalmomi uku da Turancin likitoci, cikin sauri, yana zaton ba zan gane ba. Na gane. Na buga su a darasinku ya fi sau ashirin, ko harafi ɗaya ba na kuskurewa. Ma'anarsu jijiyar ido ta mutu, babu aikin da zai dawo da ita. Wannan ne karo na farko da karatunku ya yi mini amfani a asibiti. Har yau ban iya faɗa wa Hajara ba.

Roƙona biyu ne. Ku cire tallar nan daga jaridunmu har sai kun rubuta a ciki ƙarara cewa asibitocin nan ba su fara wannan aiki ba. Sannan in kun san likita ko ɗaya a Arewa da ke magana a kaset, ku turo mini sunan garin, zan je ko ina ne, yatsuna da kunnena lafiyarsu ƙalau.

Da kaina na buga wannan wasiƙa. In an ga kuskure a yi haƙuri, ba na iya komawa in duba. Allah ya ƙara maka girma, ya yi wa zuriyarka albarka, ya bar maka idonka.

Wassalam.

Sule Akawu,
Unguwar Rogo, Jos.