Japananci Ya Samu Aji a Misfala, Hausa Ba Ta Samu Ba

Zuwa ga Mudirin cibiyar koyon harsuna ta unguwarmu, Misfala, Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ina sanar da kai, da duk wanda wasiƙar nan ta iske, cewa 'yata Rahama yanzu ta iya ba da haƙuri da Japananci, har da rusunawa. Gidanmu bai taɓa samun ɗaukaka irin wannan ba tun da iyayena suka iso garin nan daga Sakkwato.

Ga kokena.

Na ɗaya. A watan Shawwal da ya wuce na zo ofishinka na roƙi a buɗe ajin Hausa, ko da sau ɗaya a mako. Ka ba ni shayi mai kyau, ka ce ba wanda zai zo. Ba a jima ba ka buɗe ajin Japananci na biyu, domin yaran da ke kwana kallon katun na Japan sun cika na farko.

Na biyu, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Tun da mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, Larabcin da ta yi shekaru tana cefane da shi ya zube mata. Hausa kaɗai ta rage. Idan na tafi aikin alhazai a Mina, Rahama ce ke jinyarta. Tsohuwa ta nemi ruwa, yarinya ta kawo bargo. Rannan ta ji jikarta tana bitar darasinku, sai ta tambaye ni ko Hausar wane gari ce wannan, fuskarta cike da murna. Ban gyara mata ba.

Na uku. Na karanta littafin da kuka ba ɗalibai, tunda ni na saya. A ciki na ga ashe Japananci yana da 'yan'uwa a tsibiran Ryukyu, wajen Okinawa, harsunan da mutumin Tokyo ba ya ganewa. Yau galibi tsofaffi ne ke jin su, jikoki kuwa da Japananci suke amsawa. A da, yaron da ya yi harshen gidansu a makaranta, katako ake rataya masa a wuya don ya ji kunya. Ya Mudir, su an tilasta musu. Namu yaran ba wanda ya rataya musu komai, da kansu suka ajiye Hausar. Rahama ta ba ni labarin tsofaffin tsibiran nan har da ƙwalla, da Larabci, kakarta na kwance a ɗaki na gaba.

Roƙona kaɗan ne. Idan aji ba zai yiwu ba, ka bar ni in shigo ajin Japanancin nan sau ɗaya in koya wa yaranmu yadda ake tambayar marar lafiya da Hausa ina ke yi mata ciwo. Ba na sa ran fiye da haka, kuma lokacin tsohuwar ba shi da yawa.

Allah ya ƙara wa cibiyarka albarka, ya ba ka jikokin da za su gane abin da kake faɗa ranar da ka tsufa.

Gaskiya ɗaya kafin in rufe. Ranar da na zo ofishinka na yi maka alkawari zan cika maka ajin Hausa. Na bi gidajen Hausawa daga Misfala har Ka'akiyya, kowa ya yaba, kowa ya sa albarka, ba wanda ya ba ni ɗa ko ɗaya. Kai ke da gaskiya, ni na yi kuskure.

Wassalam.

Wani uba daga Misfala.