Ruwan da Ban Zuba Ba

Sri Petaling, Kuala Lumpur
Yuli, 2021

Zuwa ga Iya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya damina, ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Malam, ya kai haske kabarinsa. Muttaka, tunda kai za ka karanta mata, don Allah kada ka tsallake komai, na san saurinka.

Iya, in na kira waya kuka ke hana mu magana, shi ya sa na ce bari in rubuta in turo hoton takardar. Kin tambaye ni ko ɗanki ya bar wasiyya. Saƙon murya ɗaya ya turo daga asibiti kafin koronar ta ci ƙarfinsa. Ya ce in riƙe 'yarmu Fatiha da kyau, in gaishe ki, kuma kada in kashe esin ɗakinmu saboda dashensa.

Bari in faɗa miki ko mene ne dashen. Sunan itacen fayin. Ba na ƙasarmu ba ne, ba kuma na nan ba. Asalinsa duwatsun yammacin Amurka, inda ƙanƙara ke zuba. Ganyensa sirara ne kamar tsinken tsintsiya. Malam ya ce iri-iri ne. Akwai wanda 'ya'yansa ba sa buɗewa sai gobara ta ci dajin, akwai na can ƙololuwa wanda wata tsuntsuwa ke binne irinsa ta manta, shi ke nan ya tsira. Nasa kuwa wanda ɓawonsa ke ƙamshin kek ne in rana ta doke shi. A kansa yake karatun digirin, burinsa ya ga ko zai yi a Mambila. Irin ba ya tsira sai ya jima cikin sanyi, don haka ya daɗe a firijina kusa da daddawar da kika aiko, ina mita yana dariya.

Da aka rufe jami'a sai ya kwaso tukwanen dashen gida, ya jera a bakin taga, ya sa musu fitila. Abokin karatunsa, wani ɗan ƙasar nan mai suna Hisham, yana da fili a saman wani tsauni mai sanyi inda ake noman shayi. Cameron ake ce masa, ba Kamarun da muka sani ba. Can za a kai su. To ga dokar kulle, ba a tsallaka jiha, ni kuma ga takaba. Dole su zauna da ni har a buɗe hanya.

Iya, mutuwa suke yi. Safe da yamma nake ba su ruwa, ban taɓa fashi ba, amma sai in tashi in tarar da ɗaya ya kwanta, gindinsa ya yi baƙi ya tsuke kamar zare. Sun fi ashirin da ya tafi, yanzu ba su kai rabi ba. Ke da kika raya darbejiyar ƙofar gida, ki gaya min abin da zan yi.

Ki gaida mutanen gida. Fatiha na gaishe ki.

'Yarki,
Ɗelu

Agusta, 2021

Zuwa ga Iya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kun yi Sallah lafiya, kuma ciwon ƙafar ya yi sauƙi. Ya su Larai da yara?

Saƙonki ya iso, cewa in ƙara ruwa in nemi taki. Taki dai ban samu ba, nan hawa na tara muke, ko akuya ba a gani. Ruwan kuwa na ƙara. Cikin mako guda saura uku.

Ranar nan matar Hisham ta kira ni ta bidiyo, na juya wayar wajen taga, shi yana kallo daga bayanta. Da ya ga farantin da ke ƙarƙashin tukwanen cike da ruwa sai ya dafe kai. Ya yi bayani da Turanci a hankali, maƙwabciyata Ruƙayya tana fassara min inda na ɓace. Wai ruwan ne ke kashe su. Wai a can duwatsunsu ƙasar tsakuwa ce da rairayi, ruwa na sauka yake wucewa, kuma sukan yi wata da watanni ba ɗigo. Saiwarsu tana son iska, in ta kwana cikin laima ruɓewa take. Taki ma cutar da su yake. Ya ce in cusa yatsa cikin ƙasar har gaɓa biyu, in na ji sanyi-sanyi kada in zuba komai, ko da zuciyata na ce min in zuba.

Ki yafe min, Iya, ban bi maganarki ba daga ranar. Ba raini ba ne. Ni ma abin bai shiga kaina ba. Mu da aka koya mana ko kare ya tsaya a ƙofa a ba shi ruwa, yau an ce in zuba wa abu mai rai ido ƙasarsa na bushewa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. A saƙon nan nasa, muryarsa a bushe take, yana ta haɗiyar yawu tsakanin kalmomi. Na san ƙishi ne. Malam da ko shayi ba ya sha sai na miƙa masa da hannuna, ya tafi ban ba shi ko kurɓi ɗaya ba. Ba a bar ni na shiga ba, ba a bar ni na ga gawar ba, ma'aikata ne cikin fararen rigunan leda suka kai shi. Duk lokacin da na saurari muryar sai in tsinci kaina da buta a bakin taga.

Yanzu ga dabarar da na yi. In hannuna ya ɗauki kofi, ba na mayar da ruwan. Sai in juye shi cikin wata jarka da na ajiye bayan ƙofa. Fatiha ta tambaye ni na wane ne, na ce na Abbanta ne. Ta ce "boleh", wato "to" da yaren mutanen nan, ta koma wasanta. Hausar ma nema take ta gagare ta.

Ɗaya daga cikin ukun ya riga ya kamu, ya tafi shekaranjiya. Saura biyu. Ki sa mu a addu'a.

'Yarki,
Ɗelu

Satumba, 2021

Zuwa ga Iya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya tare da kowa. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

An samu masu cutar da yawa a gininmu, an zagaye mu da waya mai ƙaya, ba shiga ba fita. Abinci a ƙofa ake ajiye mana. Mu lafiyarmu ƙalau, kada hankalinki ya tashi. Amma esin ya tsaya. Ya yi wata ƙara ya ɗiga ruwa ya yi shiru, kuma ba mai gyaran da za a bari ya hawo. Iya, zafin garin nan ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, kamar an kifa maka tukunyar tuwo a ka. Abin da Malam ya roƙe ni ke nan guda ɗaya a kan dashen, kada ɗakin ya yi zafi.

Na cika duk robobin gidan da ruwa na sa a firiji, in sun daskare in jera su kewaye da tukwanen, in kunna fanka ta bayansu. Ruƙayya ma ta kwashe kajinta daga nata firijin ta soye su duka don ta samar min wuri. Ta ajiye min ƙanƙara a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta gudu, tana cewa ita dai ba ta taɓa ganin tsintsiya mai 'yan aiki biyu ba.

Duk da haka ɗaya ya mutu. Saura ɗaya tak, tsawonsa bai wuce tafin hannuna ba, kuma bakin ganyensa ya soma ja. Ruƙayya ta leƙa ta bidiyo ta ce wallahi ƙishi ne, in zuba masa kafin in yi nadama. Na kira Hisham, matarsa ta ɗauka tana kuka, shi ma an kwantar da shi, an sa masa iska. Ba wanda zan tambaya.

Saman ƙasar ya bushe har ya yi fari. Amma in na cusa yatsa, can ƙasa akwai ɗan sanyi. Ko kuwa sanyin ƙanƙarar ne a yatsana? Na kasa bambancewa. Yau da hantsi na tsaya da kofi a kansa har hannuna ya gaji. In na zuba ya ruɓe, ni na kashe shi. In na hana ya bushe, ni ce dai. Daga ƙarshe na goge yatsana a zani, na jira ya ɗumama, na sake cusawa. Akwai laima. Na juye kofin a jarka, na shiga banɗaki na yi kukana don kada yarinyar ta gani.

Iya, ki roƙa wa Hisham lafiya, yana da ƙananan yara.

'Yarki,
Ɗelu

Oktoba, 2021

Zuwa ga Iya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa. Ya jiki, ya kaka, an fara yankan gero? Na gode da kayan fitar takaba da kika ce an ajiye min. Na fita lafiya, Ruƙayya ce ta yi min kitso.

Ya rayu, Iya. Sai da yatsana ya fito a bushe ƙurmus sannan na ba shi rabin kofi. Jan bai wuce bakin ganyen ba. Bayan an cire mana waya an gyara esin, sai ga wani ɗan toho a tsakiyar kansa, kore shar. An kuma buɗe hanya. Hisham ya tashi, ya rame sosai, amma da ƙafarsa ya zo shi da matarsa.

Na roƙe shi ko za a dasa a kan kabarin Malam. Ya sunkuyar da kai ya ce ba zai yi wata guda ba a zafin nan. Na ce to in taho da shi gida. Ya ce ba za a bar shi ya hau jirgi ba, kuma Dambatta ba wurinsa ba ce. Ya ce ko a tsaunin ma ba zai yi min alkawari ba, gwaji ne, abin da Malam yake son sani ke nan. Na miƙa masa tukunyar. Matarsa ta rungume ta a cinya, suka ƙure sanyin motar.

Saura magana ɗaya, Muttaka ka karanta a hankali. Na san a gida mata ba sa zuwa maƙabarta. Nan suna zuwa, kuma na bi su. In laifi ne ki yafe min. Kabarin yana can ƙarshe cikin sababbi, jar ƙasa, da sunansa a jikin ɗan allo, Tajuddeen, an rubuta daidai. Na gaya masa kina gaishe shi. Na gaya masa ɗaya ya rage, kuma yana hanyar tsauni.

Jarkar ta yi nauyi, da ƙyar na kai ta. Na durƙusa ta wajen kansa na buɗe murfin. Ban cusa yatsa ba, Iya. Na zuba masa duka, ƙasar kuma ta shanye.

Muna nan tafe da zarar an samu jirgi. A share mana ɗakinsa.

'Yarki har kullum,
Ɗelu