Ashe Ni Ce Mai Neman Benci

Anti, don Allah ki agaza mini da shawara kafin ranar Asabar. In na kai wa yayata wannan magana dariya za ta yi har ta riƙe ciki, in kuma na ci gaba da haɗiye ta ina jin ciwo za ta zame mini.

Shekararmu tara da aure, 'ya'yanmu biyu. Maigidana tsara manhajojin waya ne aikinsa, ni kuma tela ce, shagona yana ƙasan benen da muke zaune. Mutum ne mai haƙuri, ba faɗa ba yawo, sai dai in kika ga ya fita da ni, to asibiti za mu ko gaisuwar rasuwa. Shi ya sa wata biyar da suka wuce, da ya ce in shirya zai kai ni gidan adana zane-zane, mu biyu kawai, sai da na taɓa goshinsa in ji ko zazzaɓi ne. Na kai yara wurin ƙanwata, na ɗinka sabuwar riga cikin kwana biyu, na ɗauko takalmina mai tsini wanda ba na sa shi sai da babban dalili.

Muna shiga ya ce in wuce gaba in bi duk inda raina ya so, shi zai biyo ni. Ni kuwa har da rangwaɗa, ina cewa a raina yau mutumin nan ya tuna yana da mata. In na waiwaya sai in ga yana rubutu a ɗan littafi, na ɗauka sunayen masu zanen yake kwafa. Na ɓata sau biyu, na dawo ɗaki guda sau uku, shi dai yana biye da ni. Na tambaye shi ina banɗaki, ya ce in gwada nema da kaina. Takalmi ya ci mini ƙafa, na yi ta raba ido ina neman wurin zama. Duk da haka da murna na dawo gida, na ba ƙanwata labari har tana cewa bari ta turo nata mijin ya ɗauki darasi.

Ashe da walakin, goro a miya. Makon jiya na shiga ɗakin aikinsa neman almakashina da yake ɗauka ba ya mayarwa, sai ga wata babbar takarda manne a bango. Zanen mace ne ba fuska, amma sanye da rigata, har da aljihun gefen da ni na ƙirƙiro shi. A sama an rubuta “Baƙuwarmu, Mai Neman Benci”. A ƙasa kuma an jero halayenta: ba ta karanta bayanin da ya wuce layi biyu, tana juya taswira sama da ƙasa, tana gajiya bayan minti ashirin, tana jin kunyar tambayar ma'aikata, ta fi kallon ɗinkin kayan mutanen da ke cikin zane a kan fuskokinsu.

Da na tsare shi, Anti, ko a jikinsa. Da fara'arsa ya yi mini bayani cewa gidan zane-zanen ne ya ba su aikin manhajar da za ta riƙa yi wa baƙi jagora, kuma a sana'arsu sai an zana mutum guda an kafa a bango, a yi komai daidai da shi. Wai akwai irinta a bangon ofishinsu, in gardama ta tashi kan girman rubutu ko inda za a danna, sai a tambaya ko Mai Neman Benci za ta gane. Wata biyar ke nan abokan aikinsa shida da shugabar gidan suna ambatona safe da yamma ban sani ba. Ni dai abin da na fahimta shi ne, ni ce ma'aunin rashin ganewa, in na gane to kowa ma zai gane.

Amma layin ƙarshe ne ya fi yi mini ciwo. A gidan zane-zanen akwai wani ƙaramin ɗaki a sama, da zanen wata tsohuwa zaune bakin taga tana ƙoƙarin zura zare a allura. Mahaifiyata ce ta koya mini ɗinki, kuma kafin ta rasu idonta ya yi rauni, ni nake zura mata zare. Na tsaya gaban zanen nan hawaye ya zubo mini. Shi kuwa abin da ya rubuta shi ne, “Ɗaki na bakwai, minti goma sha ɗaya, ba ta motsa ba.” Wato ina kuka yana duba agogo.

Da ma ya sa mini manhajar a waya wai in gwada. Shekaranjiya na rufe shago na koma gidan zane-zanen ni kaɗai, da niyyar zaƙulo masa kurakurai. Gaskiya ban ɓata ba ko sau ɗaya. Tana nuna banɗaki, tana nuna kowane benci, bayaninta layi biyu, har irin yadin da ke jikin mutanen take faɗa, kuma wannan ya ƙara ba ni haushi. Amma na kama shi. Muryar da ke ta surutu a kowane ɗaki, ina shiga na bakwai ta yi tsit, hasken waya ya dushe, sai ɗan rubutu wai akwai benci a bayana. Na juya kuwa na ga benci, wanda wancan zuwan babu shi. Ke nan bai ma gama aikin ba, ga shi Asabar za a ƙaddamar. Ban gaya masa ba, na ce bari shi ma ya ɗanɗana kunya.

Ya roƙe ni in raka shi taron. In je kowa ya gane ni ana ƙus-ƙus, ko in kwashe yarana mu tafi gidan yayata sai an gama? Kuma Anti, ki gaya mini tsakani da Allah, mutumin nan mata ya ɗauke ni ko abin gwaji?

Taki,
Mai Neman Benci

Ƙanwata Mai Neman Benci,

Ki yafe mini, ni ma na yi dariyar da kike gudu daga yayarki, musamman wajen taɓa goshi. Amma na gama, yanzu mu yi magana.

Maigidanki ya yi laifi, kada ki bari fara'arsa ta rufe wannan. Ke tela ce, kin taɓa zagayawa bayan mutum ki auna shi ba da saninsa ba? Ya gayyace ki kamar yawon shaƙatawa alhali aiki ya je, sannan ya ɗauki kunyarki da gajiyarki ya manna a bango abokan aiki suna karantawa. Ki gaya masa haka ƙarara, ba da kumburin fuska ba, domin irinsu sai an rubuta musu abu layi biyu suke ganewa. Ya ba ki haƙuri, ya cire rigarki daga takardar nan, ya kuma biya ki fitar da ya cinye, wannan karon littafi da biro su zauna a gida.

Sai dai ban yarda ke ce ma'aunin rashin ganewa ba. Ni da nake ba ki shawara, ban taɓa shiga irin gidan nan na fita ta ƙofar da na shiga ba, kuma benci nake fara nema kafin zane. Yawancinmu haka muke, kunya ce ke hana mu faɗa. Ke kika nuna musu inda takalmi ke cin mutane, shi ya sa kika zaga gidan shekaranjiya ba ki ɓata ba. Wasiƙu nawa nake samu daga matan da mazansu ba su san ko launin rigar da suka sa jiya ba, naki kuwa har aljihun gefe ya zana. Bai iya nuna kulawa ba, amma idonsa yana kanki.

Yanzu ga kuskuren da kika kama kina murna. Ƙanwata, ruwa ba ya tsami banza. Muryar da ta yi surutu a ɗaki shida ba ta yin shiru a na bakwai don kanta, benci kuma ba ya hawa bene da ƙafarsa. Wani ne ya zauna ya hana wayar magana a wurin, wani ne ya je ya roƙi shugabar gidan a kai abin zama. Ban san zuciyarsa ba, amma ina zaton ranar ya ga hawayenki, ya rasa abin da zai ce, sai ya tafi ya yi abin da hannunsa ya iya. Kada ki kai masa wannan a matsayin kuskure. Ki tambaye shi dalilin shirun, ki kalli fuskarsa.

Ki je ranar Asabar, da takalmi marar tsini. In an yi ƙus-ƙus ki ɗaga kai, ai aikinki suka zo yabo. Amma ku riga mutane isa, ki ja shi zuwa ɗaki na bakwai, ku zauna a bencin nan ku biyu, ki ba shi labarin mahaifiyarki da allurarta. Shi minti goma sha ɗaya kawai ya rubuta, abin da ke cikinsu ke ce za ki gaya masa.

Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya bar ku tare, ya kuma sa ya dawo miki da almakashinki.

Antinki