Bangon da Ya Yi Ƙarar Ƙwarya

Lyon, 22 ga Agusta

Zuwa ga Baba Muntari, a unguwar Birni, Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna Hajara da dukan mutanen gida. Yaya damina, yaya kuma gwiwar nan taka? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba da nisan kwana, ya sa ruwan bana ya zama na albarka. Ni ma lafiya lau nake, sai kewarku. Makon jiya na je Paris wurin ɗiyarka Sa'ida. Ta yi jiki abinta, kuma har yanzu ba ta daina cika wa miya gishiri ba.

Baba, wata huɗu ke nan ba ka ɗauki wayata ba, shi ya sa na koma ga takarda. Sa'ida ta yi ta kewaye-kewaye, daga baya ta faɗa mini gaskiya: an nuna maka hotona ina aiki cikin majami'a, ka ce ba don wannan ka riƙe ni ba bayan rasuwar ƙanenka, mahaifina. Maganar ta yi mini zafi, har na yi kuka a cikin jirgin ƙasa. Sallata tana nan, azumina yana nan. Abin da nake roƙo shi ne ka saurari yadda abin yake, sannan ka yanke hukunci.

Masu gyaran tsofaffin gine-gine da nake koyon aiki wurinsu ne suka tura mu wani ɗan gari a cikin duwatsu, tafiyar awa uku daga Lyon. Duk garin bai kai unguwarmu ba. Majami'arsu kuwa daga waje ba ta da wani fasali, farin bango ne kawai da hasumiya, har na raina ta. Da aka buɗe ƙofa, wallahi Baba, sai da na dafa bango. Daga ƙasa har sama zinariya ce. Ginshiƙai a murɗe kamar igiya, inabi na katako yana hawa jikinsu, ga jarirai masu fukafukai suna leƙowa ta kowace kusurwa. Rufin an zana shi kamar sama ta tsage, mutum ba ya gane inda gini ya ƙare. Aka ce makiyaya ne da masu sayar da cuku suka gina ta, fiye da shekara ɗari uku da suka wuce, mutanen da ke kwana ɗaki ɗaya da shanunsu saboda sanyi. Na daɗe a tsaye ina cewa Allah mai iko, wanda ya ba hannun ɗan Adam wannan baiwa. Kai ka faɗo mini a rai, da zanen da kake fitarwa a fuskar zaure da ɗan yatsa da cokali.

Aikinmu shi ne gyaran babban allon zinariyar da ke gaba, kuma dole a gama kafin sha shida ga wata, ranar bikin waliyyin garin, wanda suke kira San Rok. Sun ce da annoba ta cinye rabin kakanninsu, waɗanda suka rage suka yi alkawarin fito da mutum-mutuminsa kowace shekara ta babbar ƙofa, ana kaɗa ƙararrawa. Tun daga lokacin ba su taɓa fashi ba.

To, ka san halinka da na gada. Ba ka iya wuce bango ba ka ƙwanƙwasa shi ba, ko gidan gaisuwar mutuwa muka je, har Inna tana harararka. Kai ka ce mini yaɓe mai lafiya yana amsawa a dunƙule, wanda ya rabu da bango kuwa ƙarar kifaffiyar ƙwarya yake yi. Saura kwana biyu biki, na hau tsani in share ƙura a saman babbar ƙofa, inda aka yi wani gajimare na farar ƙasa da jarirai biyu a kansa. Wurin ba ya cikin aikinmu, fentinsa ma sai ƙyalli yake. Hannuna ne kawai ya yi abin da ya saba. Sai na ji ƙwarya. Na matsa, na sake bugawa, ƙwarya ce dai.

Na sauko. Ni ce ƙarama a wurin, baƙuwa, ga ɗankwali a kai, ina zan iya cewa a taɓa ƙofar bikin mutane? Amma na tuna mutum takwas ne za su ɗauko mutum-mutumin ta nan, yara suna biye, ƙararrawa tana girgiza bango. Na je na faɗa wa shugabarmu, Madam Odile, mace mai kaifin baki wadda ba ta yabon kowa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta hau da 'yar gudumarta, ta buga sau uku, ta sauko ta ce dole a sauke gajimaren. Shugaban masu ɗaukar mutum-mutumin, wani tsoho Bernard, ya yi ta faɗa, yana cewa kakansa ma ta ƙarƙashin gajimaren nan ya wuce bai mutu ba. Madam ta ce masa ko a sauke shi yau, ko ta sa a rufe ƙofar. Da muka ɗaure shi da igiya muka taɓa, da kansa ya taho hannunmu. Nauyinsa ya kai buhun hatsi biyu, kuma ƙusa ɗaya ce tak ta rage tana riƙe da shi, ita ma tsatsa ta cinye ta. Tsohon nan ya cire hularsa ya zauna a kan dakali.

Ranar bikin ban shiga ibadarsu ba, daga bakin rijiyar garin na tsaya. Tun da safe 'yan garin da ke zaune Lyon da Paris suka cika hanya, tsofaffin mata sanye da tufafin kakanninsu. Ƙararrawa ta tashi, duwatsu suna mayar da amo har cikin ƙirjina. Sai ga waliyyin nasu a kafaɗun maza, da sandarsa, da ɗan karensa riƙe da burodi a baki, rana tana dukan zinariyar har ido ba ya iya kallo. Na ga mutane suna ta fitowa ta ƙofar nan, jarirai a hannu, tsofaffi da sanduna, babu wanda ya ɗaga kai sama. Hawaye suka zubo mini. Da aka raba burodin biki, tsoho Bernard ya ratso taro ya kawo mini wani daban daga gidansa, ya ce wannan ba a yi masa addu'arsu ba, ya san ni Musulma ce.

Da yamma Madam Odile ta kai ni bayan allon zinariyar, wani lungu da masu ibada ba sa gani. Katakon cike yake da sunaye. Al'adar masu aikin wurin ce, duk wanda ya yi gyaran da ya tsirar da wani abu, ba sunansa yake rubutawa ba, sunan wanda ya koya masa yake rubutawa. Akwai sunayen da suka fi Birninmu na yanzu tsufa. Ta tambaye ni wace makaranta ce ta koya mini sauraron bango. Na ce Babana ne, magini a Damagaram. Ta miƙo mini fensir.

Ban rubuta ba, Baba. Sunanka ne, ba zan sa shi inda ba ka yarda ba. In ka ce a'a, wurin zai zauna babu komai, kuma ba zan ji haushi ba. Amma ka sani, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kunnenka ne ya fitar da mutanen nan lafiya.

Ka gaishe mini da Inna Hajara, da Kawu Salmanu, da Leïla da maigidanta, da abokan aikinka na bakin kasuwa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan kira. Ko faɗa za ka yi mini, don Allah ka ɗauka. Fensirin yana cikin aljihun rigar aikina.

Ɗiyarka mai neman albarkarka,
Rékia