Kunnen Hagu na Baba

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin naki, ya maigidan da yara? Allah Ya sauke ki lafiya.

Yaya, na kai Baba asibitin da na fara aiki, na gwada jinsa da hannuna. 'Yan layinmu sun fara kiransa kurma, har masu kawo masa gyaran rediyo shagonsa sun ragu. Ba kurma ba ne. Mu a wurin aiki naƙasar ji muke cewa, wato jin ya ragu amma da saura. Da na faɗa masa sai ya yi dariya, wai shi ma haka yake ce wa rediyon da muryarta ta dushe, kuma bai taɓa jefar da ko ɗaya ba.

Ɗakin gwajin ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da soso, ko numfashinka kana ji. Na ce in ya ji sauti ya danna maɓalli. Sai na ga yana dannawa alhali ban aika komai ba, idonsa a lumshe, yana murmushi. Daga baya ya ce marigayiya Mama yake ji tana ɗinki, da 'yar waƙar da take yi ta hanci. Ya ƙi na'urar ji, wai hayaniyar duniya za ta kore ta.

In bai saka ba, shagon zai rufe. Me zan yi?

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Barka da arziki. Allah Ya raya jaririya, takwarar Mama.

Baba ya karɓi na'urar, amma ta dama kawai. Aiki ya dawo, jiya ma ya yi wa mai shayi faɗa kan gulmar da ya jiyo. Kunnen hagu kuwa ya ce na Mama ne.

Na san sunan wannan ƙarar da yake ji a littafi, Yaya, na ci jarrabawa a kanta. Da la'asar na je shago da niyyar yi masa bayani. Rana ta shigo ta taga, ta kwanta kan tsofaffin rediyoyin nan. Ya ɗaga min yatsa alamar in dakata, kansa a karkace.

Na ja kujera ta hagunsa na zauna. Ban ji komai ba, amma ban tashi ba sai da Mama ta gama waƙarta.

Ki shafa min kan jaririya.

Naki,
Auta